Bayan Lambar Yabo: Yadda Tsofaffin Zakarun Wasanni Ke Ɗora Matasa A Hanya

A ranar 2 ga watan Agustan 1996, a birnin Atlanta na ƙasar Amurka, wata 'yar sanda 'yar Najeriya mai suna Chioma Ajunwa ta yi tsallen da ya kai tsawon mita 7.12 a yunƙurinta na farko a zagayen ƙarshe na gasar dogon tsalle ta mata. Har aka tashi babu wadda ta kamo ta, ciki har da shahararriyar 'yar wasan Amurka Jackie Joyner-Kersee, wadda ta ƙare a matsayi na uku. Wannan ita ce lambar zinare ta farko da Najeriya ta taɓa samu a gasar Olamfik, kwana guda kafin tawagar ƙwallon ƙafa ta su Nwankwo Kanu ta doke Ajantina da ci 3-2.

Abin da ba a cika tunawa da shi ba shi ne halin da Ajunwa take ciki kafin wannan rana. A shekarar 1992 an dakatar da ita daga wasanni na tsawon shekara huɗu bisa samun haramtaccen sinadari a jikinta, zargin da ta sha musantawa, kuma a tsawon wannan lokaci kusan kowa ya juya mata baya. Wanda ya ɗauke ta ya tsaya mata, ya nema mata hanyar zuwa Ingila ta yi atisaye gabanin gasar, shi ne Segun Odegbami, tsohon ɗan ƙwallon ƙafar da ya rataye takalmansa shekaru da dama kafin nan.

Irin wannan aiki, wato tsohon zakara ya kama hannun matashin da rayuwa ta yi wa tsanani, yana gudana a sassa daban-daban na Najeriya da sauran ƙasashen Afirka, mafi yawansa da kuɗin aljihu da alfarmar abokai. Yana amfanar yara, amma yana rataye ne a wuyan mutum guda, kuma filaye da makarantu da izinin da yake buƙata don ya ɗore suna hannun ofisoshin gwamnati.

Makarantar da ke ƙauyen Wasimi

Segun Odegbami ya tashi ne a garin Jos, ya karanci aikin injiniya a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ibadan, ya kuma yi suna a ƙungiyar IICC Shooting Stars. Shi ne ya ci ƙwallaye biyu daga cikin ukun da Najeriya ta zura wa Aljeriya a wasan ƙarshe na Gasar Cin Kofin Nahiyar Afirka na 1980 a Legas, karon farko da ƙasar ta ɗauki kofin. Yana cikin 'yan wasan zamaninsa ƙalilan da suka haɗa ƙwallo da karatu mai zurfi, kuma a kan wannan turba ya gina abin da ya yi bayan ya bar fili.

A shekarar 2007 ya buɗe makarantar sakandare ta kwana a ƙauyen Wasimi da ke jihar Ogun, inda ɗalibai maza da mata ke zaman aji kamar kowace makaranta, sannan su fita atisayen wasanni a kullum. Ba a raba karatu da wasa ba, kuma ba a yarda ɗaya ya cinye ɗaya ba. Hikimar wannan tsari a bayyane take ga duk wanda ya san rayuwar 'yan wasa: gwiwa na iya karyewa a shekara 19, ƙungiya na iya sallamar mutum ba tare da sanarwa ba, wanda ya fi kowa sa'a ma da wuya ya wuce shekara 35 yana taka leda. Takardar shaidar kammala sakandare kuwa tana nan, kuma ita ce ke buɗe ƙofar gurbin karatu a jami'o'in da ke ɗaukar ɗalibai saboda bajintarsu a wasanni.

Ita ma Ajunwa ba ta bar abin da aka yi mata ya tsaya a kanta ba. Ita ce auta a gidan da ke da 'ya'ya tara a yankin Mbaise na jihar Imo, mahaifinta ya rasu tana ƙarama, ta kuma samu gurbin shiga jami'a amma rashin kuɗin rajista ya hana ta. Bayan ta daina gasa ta ci gaba da aikin 'yan sanda har ta kai manyan muƙamai, ta kuma riƙa zagayawa tana faɗakar da matasan 'yan wasa kan haɗarin ƙwayoyin ƙara kuzari. A 2017 ta ƙaddamar da gidauniya mai sunanta domin zaƙulo yara masu baiwa tun daga makarantu. Gargaɗin da ya fito daga bakin wadda ta yi asarar shekara huɗu na ƙuruciyarta yana da nauyin da takardar sanarwa ba ta da shi. Muhimmancin wannan faɗakarwa ya fito fili a gasar Tokyo da aka yi a 2021, lokacin da aka hana 'yan guje-guje da tsalle-tsalle 10 na Najeriya shiga gasa saboda ba a yi masu adadin gwajin da doka ta tanada ba.

Abin da ake yi a Abuja

Mazauna babban birnin tarayya ba sa buƙatar zuwa nesa kafin su ga misali. Chika Chukwumerije, ɗan marigayi Sanata Uche Chukwumerije, ya wakilci Najeriya a wasan takwando a gasar Olamfik har sau uku, a 2004 da 2008 da 2012, ya kuma samo lambar tagulla a birnin Beijin a 2008 a ajin masu nauyin da ya haura kilo 80. Da ya dawo daga Landan a 2012 sai ya kafa gidauniyar wasanni a Abuja, wadda ta riƙa koyar da yaran makaranta takwando, tana shirya gasanni, tana kuma ɗora wa 'yan wasanta sharaɗin riƙe karatu.

Fitacciya a cikin waɗanda suka fito daga hannunsa ita ce Elizabeth Anyanacho. Ya gan ta ne tana matashiya mai atisayen guje-guje a filin wasa na ƙasa da ke Abuja, ya lura da tsawonta, ya jawo ta zuwa wasan da ba ta taɓa yi ba. Cikin 'yan shekaru ta samu lambar tagulla a Gasar Wasannin Afirka ta 2019 a Maroko, ta samu tikitin zuwa Tokyo a matsayin mace ta farko daga Najeriya da ta je Olamfik a takwando tun bayan 2004, duk kuwa da cewa a lokacin ɗaliba ce a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Owerri. A watan Maris na 2024 ta ci lambar zinare a Gasar Wasannin Afirka a Akara, ta kuma sake zuwa Olamfik a birnin Paris.

Labarin Anyanacho ya nuna abu biyu. Na farko, idon wanda ya yi wasa a mataki na ƙoli yana hango abin da malamin motsa jiki na yau da kullum ba lallai ya gani ba. Na biyu, haɗuwar ta faru ne a filin gwamnati da yake buɗe ga matasa a ranar. Da an kulle ƙofar, ko an ba da hayar wurin don wani taro, da ba a haɗu ba.

Me tsohon zakara ke bai wa yaro?

Girman matsalar da waɗannan mutane ke taɓa gefenta ya wuce ƙarfin kowace gidauniya. Asusun UNICEF ya daɗe yana ƙiyasta cewa kimanin yara miliyan 10.5 masu shekara 5 zuwa 14 ba sa zuwa makaranta a Najeriya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. Babu filin ƙwallon da zai ɗauke wannan nauyi.

Sai dai abin da wasa ke yi ga yaron da ya samu shiga ba ƙarami ba ne, kuma ana iya lissafa shi. Akwai lokaci: yaron da dole ya kasance a fili da ƙarfe huɗu na yamma, sau biyar a mako, ya rage sa'o'in da zai yi a majalisar banza. Akwai babba guda da ya san sunansa, wanda zai tambaya idan bai zo ba, abin da yara da yawa a unguwannin bayan gari ba su da shi ko a gida ko a ajin da ya cika ya batse. Akwai sharaɗi: idan aka ce wanda bai kawo sakamakon jarrabawa ba ba zai shiga motar tafiya gasa ba, son wasan ne ke jan yaron zuwa aji. Akwai kuma sanin hanya, domin tsohon ɗan wasa ya san dillalin gaskiya da na bogi, ya san raunin da ake hutawa a kansa, ya kuma san wanda zai kira a waya idan ana neman gurbin karatu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma sai an samu mai tanƙwarawar da iccen ya yarda da hannunsa.

Garin Zariya ya ga yadda irin wannan riƙo ke haihuwa. Wani Ba'amurke mai horar da ƙwallon kwando, Oliver Johnson, wanda aka fi sani da Koci OBJ, ya shafe shekaru da dama a Jami'ar Ahmadu Bello yana koyar da yaran gari. Cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda daga baya ya buga wasa a Turai, ya zama shugaban ƙungiyar Toronto Raptors da ta lashe kofin NBA a 2019. Tun a 2003 Ujiri ya kafa shirin Giants of Africa tare da abokinsa Godwin Owinje, suna shirya sansanonin horo ga yara maza da mata, a 2021 kuma shirin ya yi alƙawarin gina filayen ƙwallon kwando 100 a faɗin nahiyar. Mafi yawan yaran da suka halarci waɗannan sansanoni ba za su taɓa buga NBA ba, kuma masu shirin ba su ɓoye hakan.

Darasi daga Kenya

A gabashin Afirka an daɗe da wannan al'ada. Kipchoge Keino, wanda ya ci zinare a tseren mita 1,500 a Meziko a 1968 da kuma wani zinaren a Munich a 1972, shi kansa maraya ne. Shi da matarsa Phyllis sun riƙa ɗaukar marayu suna reno a gonarsu da ke yankin Eldoret, daga baya aka gina makarantun firamare da sakandare. A 2016 kwamitin Olamfik na duniya ya ba shi lambar girmamawa ta Olympic Laurel, shi ne mutum na farko da ya karɓe ta, kuma saboda wannan hidima aka ba shi.

Tegla Loroupe kuwa 'yar ƙabilar Pokot ce, daga yankin da satar shanu da ramuwar gayya suka daɗe suna cin rayukan matasa. Ita ce 'yar Afirka ta farko da ta lashe tseren yada-ƙanin-wani na birnin New York a 1994, ta kuma kafa tarihin duniya a Rotterdam a 1998. A 2003 ta kafa gidauniyar zaman lafiya, ta fara shirya tsere a garin Kapenguria inda matasan ƙabilun da ke gaba da juna ke gudu kafaɗa da kafaɗa, ta kuma gina makaranta don yaran da rikici ya mayar marayu. Daga baya ta buɗe sansanin horar da 'yan gudun hijira a Ngong, kusa da Nairobi. Biyar daga cikin 'yan wasa 10 na tawagar 'yan gudun hijira ta farko a Olamfik, a Rio a 2016, 'yan Sudan ta Kudu ne da aka ɗauko daga sansanin Kakuma suka yi atisaye a wurinta, ita ce kuma ta jagoranci tawagar.

Amma ko a can ba komai ne ya tafi daidai ba. Wasu daga cikin 'yan wasan sansanin sun ƙi komawa bayan sun je gasa a Turai, suna kukan rashin kuɗi da rashin makoma. Ɗaya daga cikinsu, Dominic Lobalu, ya tsaya a Suwizalan a 2019, a 2024 kuma ya ci wa ƙasar zinaren tseren mita 10,000 na nahiyar Turai. Darasin shi ne kyakkyawar niyya da babban suna ba sa maye gurbin rubutacciyar yarjejeniya kan kuɗin da matashi ya ciwo, da karatunsa, da abin da zai yi idan ƙafa ta gaza.

Inda gizo ke saƙa

A Najeriya matsala ta farko ita ce kuɗi. Mafi yawan tsofaffin 'yan wasa ba masu hali ba ne, wasu ma da kansu suke neman taimako. Gidan da aka yi wa Ajunwa alƙawari a Legas bayan nasarar 1996 bai zo hannunta ba sai a 2021, bayan shekara 25. Wanda ke jiran haƙƙinsa haka, da me zai ciyar da yara 50 a sansani? Shi ya sa shirye-shirye da yawa ke farawa da biki da hotuna, su mutu cikin shekara biyu idan kamfanin da ya ɗauki nauyi ya janye ko mai shirin ya kwanta rashin lafiya.

Ta biyu ita ce masu fakewa da sunan aikin. Kusan kowace unguwa a manyan birane tana da abin da ake kira makarantar ƙwallo, wasu kuwa ba su da komai sai riguna da alƙawarin kai yaro Turai. Iyaye na sayar da fili ko dabbobi su biya, yaro ya ƙare a wata ƙasa ba ƙungiya, ba takardu, ba kuɗin komowa. Dokar FIFA ta hana cinikin 'yan wasan da ba su kai shekara 18 ba tsakanin ƙasashe sai a wasu keɓaɓɓun yanayi, amma iyayen da ke ƙauye ba su san da ita ba.

Ta uku ita ce tsaron yaran kansu, musamman mata. A 2021 ƙungiyar Human Rights Watch ta fallasa cin zarafin 'yan mata a tawagar ƙwallon kwando ta matasa ta ƙasar Mali, binciken da hukumar ƙwallon kwando ta duniya ta sa aka gudanar kuma ya tabbatar da cewa an daɗe ana rufa-rufa. Duk inda babba guda ke riƙe da makomar yaro, daga abincinsa har tikitin tafiyarsa, akwai buƙatar ido na biyu. Wannan ne kuma dalilin da ya sa iyaye da yawa ke hana 'ya'yansu mata zuwa fili, kuma ba za su sauya ra'ayi ba sai sun ga mata masu horarwa da ƙa'idojin da ake bi.

Ta huɗu, iya wasa daban, iya koyarwa daban. Wanda ya ci kofi ba lallai ya san yadda ake horar da ɗan shekara 12 ba tare da an lahanta ƙashinsa ko an karya masa zuciya ba.

Abin da ke hannun hukuma

Najeriya ta tura 'yan wasa 88 zuwa Paris a 2024, bayan an amince da kashe Naira biliyan 12 a kan gasar da takwararta ta masu buƙata ta musamman, amma tawagar Olamfik ta dawo ba ko tagulla. A watan Oktoba na shekarar Shugaba Bola Tinubu ya rushe Ma'aikatar Wasanni, ya maido da Hukumar Wasanni ta Ƙasa ƙarƙashin jagorancin Shehu Dikko. Kafin nan, a 2022, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar da ta ɗauki wasanni a matsayin harkar kasuwanci. Takardu dai akwai su. Abin da ya rage shi ne ƙananan matakan da ake yankewa a teburin darakta da mataimakinsa.

Na farko shi ne fili. Filin wasa na Moshood Abiola, wanda aka gina don Gasar Wasannin Afirka ta 2003, yana da zauruka da filayen atisaye da za a iya ware wa shirye-shiryen yara sa'o'i tsayayyu a kowane mako, a rubuce, ba tare da kuɗin haya ba. Haka nan filayen makarantun gwamnatin tarayya fiye da 100 da ke warwatse a jihohi, waɗanda ke zama shiru a lokacin hutu.

Na biyu shi ne rajista da tantancewa. Jerin sunayen makarantun wasanni da aka amince da su, wanda kowane uba zai iya dubawa a wayarsa, zai rage kasuwar 'yan damfara, ya kuma ba kamfanoni ƙwarin gwiwar sa kuɗinsu. Sharuɗɗan ba su da wuya: shaidar cewa yaran na zuwa makaranta, mace mai kula a duk inda ake horar da 'yan mata, da hanyar kai ƙara wadda ba ta bi ta hannun mai horarwa ba. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta riga ta ba da madogara.

Na uku shi ne horar da masu horarwa. Cibiyar Koyar da Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas na iya buɗe gajerun kwasa-kwasai masu rangwame ga tsofaffin 'yan wasan ƙasa, ta yadda mai suna zai samu takardar shaida, makaranta ta samu malami, shi kuma ya samu abin dogaro. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na huɗu shi ne yadda ake auna nasara. Gasar Wasannin Matasa ta Ƙasa, wadda aka fara a Abuja a 2013, ana auna ta ne da teburin lambobin yabo, abin da ke sa wasu ke kawo manya da shekarun ƙarya. Idan rahoton da ake miƙa wa hukuma ya ƙunshi adadin yaran da suka ci gaba da karatu bayan shekara uku, da waɗanda suka zauna jarrabawar kammala sakandare, to waɗanda ke aikin gaskiya za su fito fili, kuma tallafi zai san inda ya dosa.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da ke buƙatar sabon gini ko sabuwar doka. Wasiƙar izinin amfani da zauren atisaye, idan ta kwana wata shida a cikin fayil, ta isa ta tarwatsa yara 40 da wani tsohon zakara ya sha wahalar tarawa, kuma a shekarun da suke ciki ba kowa ne ke dawowa ba idan ya tafi.